Ta Ce Da Sauƙi

Shafi na 19

Masu zagin Likita a ƙarƙashin shafin jiya, na ga aikinku, sannunku da ƙoƙari. Amma ku rage wani abu a bakinku, kada zagin ya ƙare muku tun ba a zo wurin ba. Ke kuma da kika ce na cika sa mutane kuka, baiwar Allah, ni ma ba dariya nake yi ba lokacin da nake rubutawa. Ga Auta nan, ku ji daga bakinta.

*

Sati shida cif da ciro min ɗana babu rai, na koma asibitin da aka ciro shi.

Ba don raina ya so ba. Katin sallama ne ya ce in dawo a duba ɗinki, Umma kuma ta ce ƙafata ƙafarta, ba za ta bar ni in je ni kaɗai ba.

Komai yana nan yadda na bar shi. Kujerun nan masu laushi, sanyin na'ura, warin maganin goge ƙasa, talabijin yana ta surutu babu mai kallonsa. Har allon da ke saman teburin karɓar kati yana nan, da hoton wata mata tana dariya da jariri a kafaɗa: LIKITANKI ƊAYA, DAGA AWON FARKO HAR KUKAN JARIRI.

Allon nan ne ya kawo ni asibitin kuɗi. Shi da Yaya.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ce babbar ungozoma a nan, shekararta goma sha ɗaya tana karɓar haihuwa a wannan ginin. Da na samu ciki bayan shekara bakwai da aure, ko shawara ba a tsaya yi ba. Wa zai kai cikin da aka jira shekara bakwai wani wuri, alhali yayarsa tana nan?

Muka zauna cikin masu awo. Wata mai tsohon ciki da ke gefena ta dubi cikina da bai gama komawa ba, ta yi min murmushi.

"Wata nawa?"

Umma ce ta amsa.

"Ta sauka."

"Kai, barka! Me aka samu?"

"Namiji ne. Ya koma."

Matar ta ce Allah ya kawo rayayye, sannan a hankali ta ja mayafinta ta rufe cikinta. Ta ɗauka ban gani ba. Ban ga laifinta ba, da ni ce ma haka zan yi.

Umma ta matso kusa da kunnena.

"Ki shiga a duba ki, ki fito mu tafi. Ban da tone-tone."

"Tone-tonen me, Umma?"

"Na san halinki. Abin da ya faru ya riga ya faru. Ke dai ki ɗauki darasi, wannan zurfin cikin naki ba inda zai kai ki."

Sati shida kenan ina shan wannan maganar safe da yamma kamar magani.

Ranar da abin ya faru, ƙarfe tara na safe mijina ya kawo ni. Cikina ya ɗaure tamau, bayana kamar zai tsage, yaron da ya saba shurina tun asuba ya yi lamo. Yaya ta kwantar da ni a ɗakin haihuwa, ta sa min ƙarin ruwa, ta ce Likita yana tiyata, yanzu zai fito. Can ta sunkuyo ta ce, Auta, yaya kike ji? Na ga yadda fuskarta ta canza, sai tausayinta ya kama ni. Na ce, da sauƙi.

To me zan ce? Da shi aka rene mu. Babanmu ranar da zai rasu, da kyar yake jan numfashi, amma duk wanda ya shigo gaishe shi da sauƙi yake ce masa.

Sai wajen ƙarfe biyu aka shiga da ni tiyata. Da na farfaɗo, Likita yana tsaye a kaina yana ce wa mijina, "Da ta faɗa mana yadda take ji, da tun safe mun shiga da ita. Amma ta ce da sauƙi."

Mijina bai taɓa ce min ke kika kashe shi ba. Wallahi da ya faɗa da na fi samun sukuni. Gaishe ni yake yi kamar matar maƙwabci, ya tambayi ko na sha magani, ya wuce ɗakinsa. Kayan jaririn da ya sayo da hannunsa ya kwashe ya kai bayan mota, har yau suna can, ya kasa bayarwa ya kasa shigo da su.

Ni kuma kullum da kalma biyun nan nake kwana, da su nake tashi.

Aka kira lambata.

Likita ya tarbe ni da fara'ar nan tasa mai sa mace ta ji kamar ita kaɗai ce mai ciki a duniya. Ya duba ɗinkin, ya wanke hannu, ya koma kujerarsa.

"Ma sha Allah, Malama. Ɗinki ya yi kyau, kamar ba a taɓa yanka wurin ba."

Na ce a raina, ai kuwa an yanka.

"Likita, tambaya ɗaya gare ni."

"Ina jin ki."

"Da na faɗi gaskiyar yadda nake ji, da ya rayu?"

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya sauke wata ajiyar zuciya wadda kana ji ka san ba yau ya fara sauke irinta ba.

"Malama, rai na Allah ne."

"Na sani. Amma aikin naka ne, shi ya sa nake tambayar ka."

"To, bari in yi miki bayani. Mabiyiya ce ta saki kafin lokaci. Jinin ta ciki yake zuba, ido ba ya gani. A irin wannan, da bakin mara lafiya muke aiki. In ta ce ciwo ya tsananta, mu ruga. In ta ce ya lafa, mu saurara."

"Kenan ni ce."

"Ban ce ke ce ba."

"Amma ba ka ce ba ni ba ce."

Ya jawo fayil ɗina ya buɗe, ya juyo min da shi, ya ɗora biro a kan layin farko.

"Ga shi, ki gani da idonki don hankalinki ya kwanta. Tara da minti goma, kin iso. Tara da kwata, an sa miki ruwa. Goma da rabi, na duba ki da kaina, kin ce da sauƙi. Biyu saura minti goma, tiyata."

Na ɗago.

"Ka duba ni?"

"Ga shi a rubuce."

"Likita, ban sa ka a idona ba sai bayan ƙarfe ɗaya da rabi. Kana shigowa da makullin mota a hannunka."

Ya yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa yaro.

"Mace a cikin wannan hali ba ta riƙe lokaci, Malama. Ga ciwo, ga allurai. Wasu ma mazajensu ba sa ganewa."

Na sake sunkuyawa kan takardar.

Shekarata tara ina koyar da 'yan aji uku. Littafi arba'in nake dubawa kowace rana. In akwai abin da idona ya ƙware a kai a duniyar nan, to layin da aka cusa daga baya ne. Yaro ya manta amsa, ya leƙa ta maƙwabcinsa, ya matse ta tsakanin layi biyu da ƙananan baƙaƙe yana fatan ba zan lura ba.

Layin goma da rabi haka yake. A matse, a karkace, wutsiyarsa ta hau gefen takarda. Duk sauran rubutun na asibiti ne wanda ba kowa ke ganewa ba, amma kalma biyun nan da Hausa aka rubuta su, har da ja musu layi a ƙasa.

Kuma na san hannun. Da wannan hannun aka riƙe nawa aka koya min rubuta sunana.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya rufe fayil ɗin ya jawo shi gabansa.

"Ki huta kamar shekara ɗaya, mahaifa ta yi ƙwari, sai mu sake gwadawa. Ƙofarmu a buɗe take, ke ai 'yar gida ce."

Mu sake gwadawa. Kamar ɗinkin riga ne bai zauna ba.

Na fito. Daga inda nake ina hango Umma a kan kujera, ta ƙura wa ƙofar fita ido, jakarta a kan cinya. Ban nufi wajenta ba. Na juya hagu, na bi dogon barandan da ke wuce ɗakin haihuwa, har ɗan ɗakin ƙarshe inda suke dafa kayan aiki.

Yaya tana ciki ita kaɗai. Tukunyar ƙarfen tana huci a kusurwa, ita kuma tana jera almakasai a kan koren ƙyalle tana naɗewa. Ta rame. Farar rigar aikinta da a da take cika ta yanzu rataye take a kafaɗunta.

Sau biyu kacal ta zo duba ni cikin sati shidan nan, kuma duk biyun daga bakin ƙofa ta juya, wai aiki ya yi mata yawa.

"Auta? Yaushe kika zo? Yaya jikin?"

"Kada ki tambaye ni yaya jiki, Yaya. Kin san amsar da zan ba ki, kuma kin san inda kike kai ta."

Almakashin da ke hannunta ya faɗi kan tire.

Na tura ƙofa na rufe.

"Na ga fayil."

"Wa ya nuna miki?"

"Mai gidanku. Wai don hankalina ya kwanta."

Ta juya min baya ta ci gaba da naɗe ƙyallen da ta riga ta naɗe.

"Yaya, Likita ya duba ni ƙarfe goma da rabi?"

Ba ta juyo ba.

"Da ke nake."

"Auta, nan wurin aiki ne. Ki bari in na tashi in zo gida."

"Sati shida ina gida. Kin san hanya."

"Don Allah ki rufa min asiri, akwai mutane a waje."

"Ni wa ya rufa min? Dangin mijina kaf sun ji cewa ni na ɓoye ciwo har ɗansu ya mutu a cikina. Ya duba ni ko bai duba ni ba?"

Ta dafa teburin da hannu biyu.

"Bai duba ki ba."

"Yana ina?"

"Ba ya nan."

"Kin ce min yana tiyata."

"Haka muke cewa."

"Haka kuke cewa?"

"Da safe yana babban asibiti, can ne aikinsa na asali. Ba ya tasowa sai ƙarfe ɗaya. Duk wadda ta tambaya kafin nan, yana tiyata. Haka aka koya wa kowa tun daga mai karɓar kati har mai shara."

Na tuna sau nawa na zo awo aka ba ni lokacin yamma. Na ɗauka gata ake yi min don kada in rasa darasin safe.

"To da kika ga ba ya nan, me ya hana ki ce wa mijina ya kai ni wani wuri? Motarsa tana bakin ƙofa. Yana zaune a barandan can yana jan carbi."

"Ba ma tura mara lafiya ko'ina sai da izininsa. Doka ce."

"Dokar wa?"

"Tasa."

"Ni mara lafiya ce a wurinki ranar, ko ƙanwarki?"

Sai a lokacin ta juyo. Idonta ya kaɗa ya yi jajir, amma babu hawaye.

"Abin da ya kashe ni kenan, Auta. Da bare ce ke, wallahi da na fitar da ke, in ya so ya kore ni."

"Ban gane ba."

Ta jawo kujerar ƙarfe ta zauna.

"Kin tuna lokacin da cikin yana wata bakwai, kika zo da ciwon ƙirji?"

"Na tuna."

"Na kira shi. Na ce ya bar abin da yake yi ya zo. Ya baro marasa lafiya a can ya taho a guje, ya duba ki, ashe ƙwannafi ne. Bayan kin tafi ya tara mu duka a ofis. A gaban yaran da ni na koya musu sa safar hannu ya ce, Sista, in ciwon 'yan gidanku ne sai ki manta karatunki. Ya ce daga yau kowa ya sani, asibitin nan ba na dangin kowa ba ne. Har aka sa min suna. In wata ta ɗaga murya sai a ce, a'a, kada ki yi mana irin ta Sista da ƙanwarta."

"Sai me?"

"Ranar da kika zo, tara da rabi na kira shi bai ɗauka ba. Goma na sake kira bai ɗauka ba. Goma da rabi ya ɗauka."

"Kika ce masa me?"

"Na ce ƙanwata ce, cikinta ya ɗaure, ina zargin mabiyiya. Ya ce, ƙanwar taki dai? Ta ƙwannafi? Ina jin dariyar mutane a bayansa. Ya ce, Sista, ina da mutum talatin a layi, ki gaya min tsakaninki da Allah, yaya take yanzu?"

Tukunyar ta saki wani dogon huci.

"Yaya, me kika ce masa?"

"Na ce, da ɗan sauƙi."

Na ji ɗinkin cikina ya amsa. Na lalubi bango na jingina.

"Ya ce to madalla, ki ci gaba da lura da ita, ina nan tafe ƙarfe ɗaya. Ya kashe waya."

"Amma ni na fara faɗa miki," na ce. Har a lokacin ina neman hanyar da zan karɓe mata laifin, don na saba da ɗaukarsa. "Ni na ce miki da sauƙi. Ke abin da na faɗa kika maimaita."

Ta girgiza kai.

"Auta, shekarata ashirin ina wannan aikin. Babu ungozomar da take jin da sauƙi ta yarda. Mace tana bakin mutuwa za ta ce miki da sauƙi. Ba baki muke saurara ba, hannu muke ɗorawa. Hannuna yana kan cikinki, yana nan kamar dutse. Ko da kin rantse min da abin da zai kashe ki cewa kin warke, na san abin da ke faruwa."

"Kin sani."

"Na sani."

"Tun ƙarfe nawa?"

"Tun da na ɗora hannu."

Wallahi na tsani Yaya a wannan minti. Ban taɓa sanin ana iya tsanar mutum haka ba, mutumin da ya goya ka, ya yi maka tsifa, ya tsaya maka ranar aure. Na dube ta ina neman yayata a fuskarta, ban ga kowa ba sai wata ma'aikaciya mai tsoron a yi mata dariya.

"Saboda kada a ce kin cika son kai," na ce. "Saboda kada yara su yi miki dariya a ofis."

"Na ɗauka za ki kai ƙarfe ɗaya. Ina ta sauraren bugun zuciyarsa duk bayan minti goma sha biyar. Yana da ƙarfi, Auta. Na ce wannan yaron zai jira."

"Ya jira?"

"Ya jira."

"Har ƙarfe nawa?"

"Kada ki sa ni."

"Har ƙarfe nawa ɗana ya jira ku?"

"Ɗaya saura minti ashirin na ji shi na ƙarshe. Da na sake ɗora na'urar, ɗaya saura minti biyar, ban ji komai ba."

Daga asibitin nan zuwa babban asibiti minti goma sha biyu ne a mota. Na sani, ta nan nake bi zuwa makaranta kullum. Awa uku da rabi ɗana yana ƙwanƙwasawa, mahaifinsa yana zaune a baranda da makulli a aljihu.

"Kika ce min yana barci," na ce. "Da na tambaye ki me ya sa na daina jin ƙarar, kika ce ya juya ne, yana barci."

Ta rufe fuska da tafukanta.

"Layin kuma? Wa ya sa ki rubuta?"

"Bayan an fito da ke. Ya kira ni ofis, ya ce, Sista, ke kika ce min da sauƙi, ko ba haka ba? Na ce haka ne. Ya ce to ɗaya cikin biyu, ko a rubuta ke kika faɗa, ko a rubuta ita ta faɗa. In ke ce, hukuma za ta karɓe takardar aikinki, har gaban alƙali za a je. In ita ce, ƙaddara ce, kowa ya yi haƙuri. Ya miƙo min biro."

"Kika zaɓa."

"Kina kwance ba ki farfaɗo ba. Na ce ai kin faɗa ɗin, ba ƙarya na yi miki ba."

"Har da jan layi a ƙasa."

"Shi ya ce in ja."

Na yi dariya. Ban san daga ina ta fito ba, wata busasshiyar dariya mai ciwo a ɗinki.

"Kin san me nake yi kullum, Yaya? In na idar da salla sai in zauna in roƙi yaron nan gafara. Ina ce masa, ka yafe wa uwarka, bakinta ne ya cuce ka. Sati shida. Ke kuma kina nan kina naɗe almakashi."

"Ban yi barcin kirki ba tun ranar."

"Allah sarki. Sannu."

Ta miƙe ta buɗe ƙaramar durowar ƙarfen da suke ajiye jakunkuna. Ta ciro jakarta, ta zuge wani zif na ciki, ta fito da takarda a ninke huɗu. Gefunanta duk sun yi laushi saboda yawan buɗewa da ninkewa.

"Wannan ita ce takardar bugun zuciyarsa. A cikin fayil ya kamata ta kasance. Ya ce in yaga ta."

Na karɓa na warware.

Layi-layi ne da lokuta a gefe. Tara da kwata, tara da rabi, goma saura kwata. Kowane da lamba a gabansa. Lambobin suna farawa da yawa, suna raguwa, suna raguwa. A gefen goma da rabi an rubuta da ƙaramin rubutu: an kira Likita a waya, ba ya asibiti. A ƙarshen kowane layi, sa hannun Yaya.

Ban taɓa ganin fuskar ɗana ba, sun ce gara kada in gani. Wannan takardar ce abu na farko nasa da na riƙe a hannuna.

"Me ya hana ki yagawa?"

"Na kasa."

"Me ya sa kika ba ni?"

"Ban sani ba, Auta. Na gaji." Ta share hanci da bayan hannu. "Amma ki sani, shi zai ce abin da na gaya masa a waya ya yi aiki da shi, kuma gaskiya ya faɗa. Zai kuɓuta, ko ya ɗan ji jiki ya kuɓuta. Sa hannun da ke kan takardar nan tun daga sama har ƙasa nawa ne. Duk inda kika kai ta, ni kika kai."

"Mijina zai fara gani."

"In ya gani ba zai tsaya ba. Kin san shi."

"Na san shi. Na kuma san yadda yake kallona yanzu."

"Auta..."

"Yau zai dube ni a ido, Yaya. Ko me zai biyo baya, yau zai san ba ni ba ce."

Na fara ninke takardar.

Sai aka murɗa ƙofa.

Umma ce, jaka a hammata, tana haki saboda tsawon barandan.

"Ke Auta, tun ɗazu nake zaune kamar wadda aka dasa, ashe kina nan kina..."

Ta dubi jajayen idanun Yaya. Ta dubi jakar da ke buɗe a kan tebur. Ta dubi hannuna.

Na buɗe baki zan ce, Umma, zo ki ji abin da aka yi min. Har na ɗaga takardar zan nuna mata.

Ba ni ta kalla ba. Yaya ta kalla.

"Ba na ce ki ƙona takardar nan ba?"

Na sauke takardar.

"Umma," na ce. "Kin sani?"

Ta kau da kai.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar," in ji Yaya, kanta a ƙasa. "Kina kwance na gaya mata."

"Tun ranar. Kina zaune a bakin gadona kina ce min zurfin ciki. Kina ba ni ruwa a baki kina ce min in ɗauki darasi."

"To me kike so in yi?" Muryar Umma ta fashe. "Ku biyu gare ni! Ɗaya ta riga ta rasa ɗa, ba mai dawo mata da shi. In zuba ido ɗayar ta rasa aiki, a ja ta gaban alƙali, da marayu huɗu da mijinta ya bar mata? Ke yarinya ce, za ki sake haihuwa. Magana ce kawai aka ɗora miki, magana kuwa wucewa take yi."

"Ba ta wuce ba, Umma."

"Za ta wuce."

Ta tura ƙofar da bayanta har sai da ta ce ƙaras, ta jingina da ita. Ta saki jakarta ta faɗi ƙasa. Sannan ta miƙo min hannu, tafin a buɗe.

"Ba ni takardar nan, Auta. In dai ni na haife ki, ba ni ita."